Yadda Na Baro Yayana a Lewisham

Tun da na dawo daga London ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu, a gidan suna, har a layin karɓar magani, sai wata ta tare ni: yaya sanyi, me suke ci, da gaske ne jirgi a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya. Nakan ba su amsa a taƙaice mu yi dariya. Amma akwai tambayar da 'yan gidanmu kaɗai suke yi, su ma ba kai tsaye ba, wato me ya sa na dawo ni kaɗai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tafiyar tun daga farko, wanda ya karanta ya yi mini hukuncin da ya ga dama.

Sunana Asabe. A Funtuwa aka haife ni, a nan na koyar a firamare har na yi ritaya. Yayana Hamisu ya girme ni da shekara tara, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya fara riƙe hannuna na rubuta sunana da boko. Ina ajin farko na sakandare ya samu gurbin karatu a Ingila. Ya gama, ya samu aiki a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, ya auri wata baiwar Allah 'yar Ilori, suka haifi 'ya ɗaya, Samira. Zuwansa gida bai fi a ƙirga da yatsu ba, na ƙarshe kuwa bayan rasuwar Innarmu ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sauran zumuncin duk a waya muke yinsa, ranar Sallah ko in an yi mutuwa.

A tsakiyar damina Samira ta kira ni. Hausarta ba ta da ƙarfi, don mahaifiyarta ba ta ji, Turanci suke yi a gida har Allah ya yi wa matar rasuwa. Ta ce mini Daddy ya daina jin Turanci. Da farko dariya na yi, mutumin da ko a waya sai ya gyara mini Turanci. Sai na ji tana kuka. Ciwon mantuwa ne ya kama shi, ya fi shekara biyu suna ɓoye mana. Likitoci sun ce hakan na faruwa, harshen da mutum ya koya da girmansa shi yake fara guduwa, a bar shi da na yarinta. Yanzu yana magana daga safe har yamma, 'yarsa ta cikinsa ba ta fahimtar ko rabi.

Aka yi taron gida. Ƙaninmu Sule shi ya fi kowa zafi, ya ce ba za a bar tsoho a hannun 'yan aiki a ƙasar da ba tamu ba, alhali muna da rai. Aka yanke cewa a ɗauko shi, kuma ni zan je, tunda ni ce mai binsa kuma ina jin Turanci. Maigidana ya ce a gyara masa ɗaki a gidanmu. Ni ma a lokacin ban ga wata hanya ba sai wannan.

Neman biza ya kai ni Abuja sau biyu. A wurin ɗaukar hoton yatsu na'urar ta ƙi karanta nawa, alli da wanki na shekaru sun cinye zanen. Sai da yarinyar da ke wurin ta ce in goga yatsun a goshina in sake ɗorawa, ga mutane a layi suna kallon tsohuwa tana shafa goshi kamar mai neman tabarruki. Da bizar ta fito na haɗa kaya: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, da kilishi ƙunshi guda da Sule ya aiko takanas. Mota ta kai ni Kaduna, jirgin ƙasa ya kai ni Abuja, daga nan sai sama. A jirgi ban iya cin komai ba sai burodi, kuma a zaune na yi salla, ban san ina gabas take ba.

A wurin shiga ƙasar layi ne mai lanƙwasa kamar hanji. Da aka zo kaina sai na tarar ma'aikaciyar yarinya ce da ɗan kwali irin na Musulmi, hankalina ya ɗan kwanta, amma ba ta sassauta ba. Wa kika zo gani, ina za ki sauka, yaushe za ki koma. Ta tambaye ni rabona da shi, na ce shekara goma sha ɗaya. Ta ɗago ta dube ni, ta buga hatimi. A wurin kaya na faɗi abin da nake ɗauke da shi, aka ce nama ba ya shiga, kilishin Sule ya tafi kwandon shara a gabana. Daddawa kuwa Baturen ya kwance ƙullin ya shinshina, ya kawar da kai, ya ɗaure da sauri ya miƙo mini, bai ƙara tambayar komai ba.

Samira na jirana a waje. Na saba ganinta a fuskar waya, amma ban san tana da goshin Innarmu ba sai ranar. Ba ta durƙusa ba, rungume ni ta yi, ta ce, “Sannu da zuwa, Gwaggo,” a hankali, da ji ka san ta yi ta maimaitawa a hanya. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Barking inda take zaune da mijinta da yara biyu. Jirgin cike da mutane, gwiwa na gogar gwiwa, amma shiru kamar gidan makoki. Na gaida wani dattijo da ke gabana, ya waiwaya ya ga ko da wani nake. A flat ɗinsu na tambaye ta wa ke ƙofar da ke kallon tasu, in je in gaisa, ta ce shekararsu huɗu a nan ba ta san sunansu ba.

Washegari da safe muka tafi Lewisham, unguwar da Yaya yake. Jirgi na biyu da muka hau ba shi da direba, na zauna a gaba ina ta addu'a, yaran Turawa na kusa da ni suna wasan tuƙi. Gidan Yaya yana cikin jerin gidaje masu kama ɗaya, manne da juna, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabcinka. Wadda ta buɗe mana ƙofa mace ce kakkaura mai fara'a, ta ce mini, “Kai ne ƙanin Baba? Ka zo lafiya?” Na duba bayana. Adiza ke nan, 'yar zangon Kumasi, ɗaya daga cikin matan da ake turowa su kula da shi safe da yamma. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, har na baro ƙasar kai take ce mini. Kwana uku kawai take zuwa a mako, sauran ma'aikatan ba mai jin Hausa.

Yana zaune bakin taga, da rigar sanyi da hula. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, amma zaman nasa na Babanmu ne sak. Na durƙusa na gaishe shi. Da jin Hausa fuskarsa ta washe, ya amsa gaisuwa cikakkiya, gajiya, gida, damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambaye ni daga ina, na ce daga Funtuwa. Ya tambayi unguwa, na faɗa.

“Ashe kin san gidanmu,” ya ce. “Kin san ƙanwata Asabe? Yarinya ce mai kai, sai dai ba ta son lissafi.”

“Ni ce Asabe, Yaya.”

Ya yi dariya irin wadda ake yi wa baƙo don kar ya ji kunya. “A'a, Hajiya. Asabe ai yarinya ce.”

Na tashi na shiga kicin na kama bakin wurin wanke-wanke. Adiza ta biyo ni, ta ce kar in yi masa gardama, in na matsa tsorata zai yi, duk wanda ya ce ni ce in amsa. Daga ranar na zama Hajiya baƙuwa daga Funtuwa. A gidan na sauka, a wani ɗan ɗaki na sama wanda in na miƙe hannuwa sai in taɓa bango biyu.

Kasuwar Lewisham ba ta da nisa, kuma in ba don sanyi ba sai ka rantse kana Sabon Gari. Ga doya, ga attaruhu, ga manja, ga Yarbawa da Inyamurai suna ciniki da ƙarfi. Kwana na uku na ce zan yi masa tuwon shinkafa miyar kuka. Na ɗora mai ina soya albasa da daddawa, na rufe taga saboda iska, sai wani abu a silin ya fasa ƙara kamar zai tsaga kunne. Ban san na'urar hayaƙi ba ce. Ina tsaye da ludayi, ko mayafi babu, sai na ji an murɗa mukulli a ƙofar baya, wani dogon tsohon Bature ya shigo da takalmin lambu. Ya buɗe taga, ya ɗauki tsumma yana kaɗawa a ƙarƙashin abin har ya yi shiru. Sannan ya ba ni haƙuri, ya ce sunansa Norman, shi ne a gidan da ke jikin namu.

Daga falo na ji muryar Yaya. “A'a, Sarkin Noma. Shigo mana.”

Ba zan ɓoye ba, abin ya soke ni. Na baro gida, na ƙetare teku, ciki ɗaya muka fito, bai san ni ba. Ga wani Bature da ko alwala bai sani ba, daga jin takunsa ya kira shi da suna. Na zuba musu tuwo. Yaya ya cinye malmala biyu, abin da Adiza ta ce ba ta taɓa gani ba. Mista Norman ya ci da cokali, hawaye na zuba saboda yaji, yana cewa da daɗi.

A hankali na san labarinsu. Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka. Yaya ne ya raɗa masa Sarkin Noma, saboda sunansa da kuma lambun tumatir da wake da yake yi a bayan gida, kuma ita ce kaɗai Hausar da ya sani. Sun ɓalle katako biyu a shingen da ke tsakaninsu sun yi ƙofa. Da matar Mista Norman ta rasu, gidan Yaya ne suka ciyar da shi wata guda. Da matar Yaya ta rasu, shi ya tsaya a bakin maƙabarta cikin ruwan sama har aka gama. Kullum ƙarfe goma na safe zai shigo da kofin shayinsa ya zauna. Shi ya yi Turanci, Yaya ya amsa da Hausa, ba mai gane wani, haka za su yi awa guda.

Rannan ina gefe ina tsince shinkafa sai na ji Yaya yana ce masa ya daina ba tumatirin nan ruwa da yawa, zai ruɓe. Ban san sanda na fassara ba. Mista Norman ya ajiye kofinsa. Ya ce shekara guda ke nan bai san abin da abokinsa ke faɗa masa ba, yana zaton ma sambatu ne. Daga nan na zama tafinta tsakaninsu. Yawanci maganar ba ta wuce ruwa da ƙasa da wata kyanwa da ke ɓata musu shuka, amma tsohon nan yana saurare kamar ana karanta masa wasiƙa.

Wata ranar da rana ta ɗan fito muka zauna a lambu, Yaya na gyangyaɗi a kujera da bargo a gwiwarsa. Na tambayi Mista Norman abin da ya haɗa su, tunda ba addini ɗaya ba, ba ƙasa ɗaya ba, ba aiki ɗaya ba. Ya yi murmushi ya ce, “Propinquity.” Na ce ya maimaita. Na yi shekara talatin ina koyar da Turanci ban taɓa jin kalmar ba, kuma da na gwada faɗa sai ta fito firofinkwiti, har ya yi dariya.

Ashe shi aikinsa kafin ritaya duba kurakuran rubutu ne a wata maɗaba'a, Yaya kuma tun yana yaro mayen manyan kalmomi ne. Sai suka mayar da abin wasa, kowane Lahadi ɗaya zai kawo tsohuwar kalmar da aka daina amfani da ita, ya jefa wa ɗayan ta kan shinge. Wannan Yaya ne ya kawo ta. Mista Norman ya shiga gida ya ɗauko ƙamus ya nuna mini, ga alamar fensir a gefenta. Ya ce ma'anarta kusanci. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda prope ke nufin kusa, ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci wajen shekara ɗari shida da suka wuce. Yanzu in ka faɗe ta a kanti kallonka za a yi. Ta rage a tsofaffin littattafai, da bakin lauyoyi in suna maganar dangantaka, da masu nazarin halin ɗan Adam, waɗanda suke cewa mutum yakan yi abota, har ma aure, da wanda yake gani kullum.

Ya ce abin da ya sa Yaya yake sonta shi ne kusanci iri-iri ta ƙunsa. Akwai na wuri, kamar gida da gida. Akwai na lokaci, abin da ya ƙarato. Akwai kuma na jini, don Rumawa da wannan tushen suke kiran danginsu. Na ce ai mu ma haka ne, makusanta muke cewa, ko ɗan'uwa na kusa, ko da yana bangon duniya. Ya ce Yaya ya taɓa gaya masa haka. Ya murza ganyen tumatir a yatsunsa, sannan ya ce wata rana Yaya ya ce masa, shi Norman yana da na wuri, ƙanwarsa da ke gida tana da na jini, ba wanda Allah ya haɗa wa biyun.

“Yana maganata?” na tambaya.

“Na san ranar da kika zama shugabar makaranta,” ya ce. “Ya shigo ta ƙofar nan da wayarsa a hannu. Na san sunayen 'ya'yanki.”

Ya lissafa su kuwa, su biyar, a karkace amma bai bar ko ɗaya ba. Daga ranar na daina jin haushinsa.

Ban manta da abin da ya kawo ni ba. Sule na kira kowane kwana biyu yana tambayar yaushe za a yanki tikiti. Samira ta riga ta amince da rabin zuciya, tana ganin ta gaza, tana aiki a kantin magani, ga yara, ga nisa. Shi kuma Yaya kullum maganarsa gida. Yana tambayata ko Inna ta dawo daga rijiya, ko an fara awon auduga, ko tsamiyar ƙofar gida ta yi 'ya'ya. Na ɗauka wannan hujja ce.

Wata Asabar na ce zan je Barking ni kaɗai mu tattauna da Samira. Na hau jirgin da ba shi ba, ya sauke ni a Charing Cross, tsakiyar gari, mutane kamar fari. Wayata ta mutu. Ina tsaye a bakin titi sai na ji wani mai kwat yana cewa a waya, “Ai an yi cancel, sai Monday.” Na riƙe hannun rigarsa ba kunya. Mutumin Azare ne, ya kira ni Mama, ya raka ni har bakin jirgin da ya dace, ya rubuta mini tashar a takarda. Ko sunansa ban tambaya ba. Da na isa muka yanke shawara da Samira mu gwada, mu kawo Yaya ya wuni a wurinta mu ga yadda zai yi a wani gida, kafin a yi maganar jirgin sama.

Mijinta ya ɗauko mu a mota ranar Lahadi. Minti ashirin na farko lafiya lau, ya sha shayi, ya shafa kan jikokinsa. Daga nan ya tashi neman bayi, ya buɗe ƙofar ɗakin ajiya, ya buɗe ta kicin, ya tsaya a tsakiyar falo yana juyawa. Ya ɗauki takalmansa ya rungume a ƙirji ya tsaya bakin ƙofa, yana cewa a taimaka a kai shi gida, bai san mutanen nan ba. Na yi masa Hausa, na kira sunan Inna, na karanta masa abin da ya sauwaƙa, bai ji ni ba. Abin da ban taɓa zaton zan gani ba na gani, yayana ya jiƙa wandonsa a tsaye yana kuka.

A mota yana ta cewa gida, gida, ni kuma zuciyata na cewa Funtuwa yake nufi. Muna karya kwanar layin gidansa sai ya yi shiru. Ya miƙe zaune. Mista Norman na tsaye a bakin ƙofa, ashe tun da muka tafi yake leƙowa. Yaya ya sauka da kansa, ya shiga, hannunsa ya kai kan makunnin fitila ba tare da ya duba ba, ya rataye hularsa a ƙusar da take, ya wuce bayi kai tsaye. Da ya fito ya zauna a kujerarsa ya ce, “Alhamdu lillahi, mun iso.”

Na daɗe a ɗakina da yammar nan ina tunani. Gidan da yake tambaya an raba shi gado, an yi shaguna a gabansa. Tsamiya an sare ta tun ana faɗaɗa titi. Inna tana maƙabarta. Asaben da yake nema ma babu ita. In na kai shi gidana, zai farka a ɗakin da ƙafarsa ba ta sani ba, cikin mutanen da suke jin harshensa amma bai san fuskar ko ɗaya ba, ya nemi tsamiya ya rasa, ya nemi Sarkin Noma ya rasa.

Samira ta zo washegari idanunta a kumbure. Ta tattaro Hausarta ta ce, “Gwaggo, za ki tafi da shi?”

“Ba zan tafi da shi ba,” na ce. “Nan ne gidansa.”

Ta kifa kanta a cinyata. Sule kuwa da na gaya masa, cewa ya yi wata guda kacal London ta canza ni, in Yaya ya mutu a can in san abin da zan faɗa wa Allah. Ya kashe waya. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ce ba shi da tasa gaskiyar ba.

Makonni biyun da suka rage na yi abin da zan iya. Samira ta nema aka ƙara wa Adiza kwanaki. Na koya wa Adiza miyar kuka har ta daina yin gudaji, na cika firiza da daddawa. Na yi ta magana a wayarta tana naɗa, gaisuwa, labarin unguwa, sunayen mutanen da ya sani, don a riƙa kunna masa. Mista Norman ya kawo katuna ya ce in rubuta masa abin da zai riƙa faɗa. Na rubuta ina kwana, ka ci abinci, sannu, ina nan. Ya jera su a aljihun gaba, yana haddacewa kamar ɗan aji ɗaya. Ranar da ya fara cewa ina kwana, Yaya ya dube ni ya ce ashe Sarkin Noma ya iya magana.

Samira ta roƙe ni in ƙara wata guda, bizata ma da saura. Amma maigidana yana fama da ciwon suga, kuma na san ko shekara na ƙara ranar tafiyar ba za ta yi sauƙi ba.

Da safen da zan tafi na saka kayana a mota na dawo na durƙusa a gabansa. Na ce Yaya zan koma Funtuwa. Ya ce ai kuwa na kyauta da na zo, Allah ya ba da ladan zumunci. Ya sa hannu a aljihun rigar sanyinsa yana lalube, ya fito da alewa guda ɗaya, irin mai naɗe a takarda, ya danƙa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

“Ki ba Asabe,” ya ce, ya rage murya. “Kar ki ba ta a gaban Inna, za ta ce ina ɓata ta. Ki ce ta yi haƙuri, na ɗan daɗe.”

“Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba.”

“Ta ce haka?”

“Ta ce.”

Ya gyaɗa kai, ya koma kallon taga. Mista Norman ya raka ni har mota, ya miƙo hannu, ya tuna, ya janye ya ɗora a ƙirjinsa yadda ya ga Yaya yana yi wa mata.

Na ƙulle alewar a gefen mayafina. Ta bi ni filin jirgi, ta bi ni Abuja, ta bi ni Kaduna. Sai da motarmu ta wuce Giwa, na fara hango duwatsun Funtuwa, sannan na kwance ƙullin na ɓare takardar na ba Asabe, na sa a bakina.